Muryar Rahmatu a Gonar Gero

Daren Talata, ina dawowa gida bayan sallar isha'i, na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa a garinmu ba. Siriri ne, yana tashi yana sauka, kamar an ja tsirkiyar goge an ƙi sakinta. Daga bayan katanga yake zuwa, ta wajen gonata. In iska ta kaɗa sai ya ƙaru, in ta lafa sai ya koma kamar mutum yana gunaguni cikin barci.

Na tsaya a bakin zaure, rediyona a hammata, ina saurare. Wallahi murmushi nake yi. Ni dama haka Allah ya yi ni, abin mamaki ba ya wuce ni. Na taɓa zuwa Rimin Gado a kan keke don kawai in ga ɗan maraƙin da aka haifa da wutsiya biyu. Sai na ce a raina, to Ja'afaru, yau kuma abin kallo har gida ya biyo ka.

Bari in dakata a nan tukuna. 'Ya'yana masu karatu, na ga saƙonninku. Sakinatu daga Shanono ta rubuto: "Kaka, mu fa labarin soyayya muka zo karantawa, kai kuma kullum zancen jita." Na ji, jikata. Ku yi haƙuri da tsoho, aji huɗu na yi a firamare, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Soyayyar tana ciki. Amma ba za ku gane matata Rahmatu ba sai kun san 'Yan Cida, don haka sababbin shigowa ku matso kusa.

'Yan Cida samari ne biyar masu jita mai lantarki da gangunan bature, irin kiɗan da ake ce wa rok, sai dai su da Hausa suke waƙa. Ina saurayi na fara jin su, lokacin na je cin rani birni ina ga-ruwa. Ina wucewa ta bayan wani otal da garwa biyu a kafaɗa, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na sauke ruwan mutane na jingina da bango. Ranar mai ruwan sai da ta gaji da jira ta saya a wajen wani.

Kaset uku suka yi, kuma ni ba na ɓoye ra'ayina. Na farko, "Jirgi Bai Tsaya Ba", ɗanye ne shar. Khalilu mai waƙar ihu yake kamar an taka masa ƙafa, mai ganga yana gaba, sauran suna bin sa a guje. Amma akwai gaskiya a ciki. Kana ji ka san yaran nan ba su ci abincin rana ba. Na uku, "Mu Je Legas", kada ma ku wahalar da kanku. Sun ƙoshi, sun sayo fiyano, sun danne jitar Mika'ilu da ita. Wai "zo mu hau mota, iska ta ɗebe mana kewa." Wace mota? A shekarar fa mutane layin sabulu suke yi.

Na biyu shi ne magana. "Rijiya" sunansa, a shekarar fari suka yi shi. Akwai inda Khalilu ya sauke murya ya ce:

"Na zura guga, ya dawo min da yashi,
na kai wa Inna, ta ce an gode."

Ku dubi "an gode" ɗin nan. Da wani mawaƙin ne, cewa zai yi ta fashe da kuka. Shi Khalilu ya san iyayenmu mata. Sannan in ka juya kaset ɗin akwai "Hadarin Gabas", wadda babu waƙa a cikinta sam. Mika'ilu ne kawai da jitarsa, yana haɗa hadari a hankali har sai ka ɗaga kai ka dubi sama, sannan ya watsa shi ko ɗigo bai zubar ba. Duk wanda ya yi noma a shekarar ya san abin da mutumin nan yake faɗa.

Fim ma sun yi, guda biyu. Na biyun ban gani ba, waɗanda suka gani sun ce in gode wa Allah. Na farkon kuwa masu majigi ne suka kawo filin makarantarmu, tun kafin fari, ina gwauro. Mika'ilu ya fito a makiyayi, da agogo a hannu da takalmi mai tudu, ya riƙe sanda kamar jita. Duk inda ya nufa sai shanun su juya masa baya. Ni ina sahun gaba, baki buɗe, ina kallon mutanena a jikin farin ƙyalle. Sai wata mai tallan dafaffiyar gyaɗa a bayana ta kwashe da dariya.

"Wannan ko kaza bai taɓa kiwo ba."

Na juya. "Ke, kin san ko wane ne wannan?"

"Na dai san saniyar ta fi shi iya fim."

"Hannunsa ake kallo, ba ƙafarsa ba."

"Ɗan'uwanka ne?"

"A'a."

"To sayi gyaɗa ka huce."

Rahmatu ke nan. Atamfa ruwan goro, ɗankwali ya zame baya, ga wushirya. Na yi ta sayen gyaɗa har farantin ya ƙare, kuma har yau ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba. Tsakanina da ku, ta fi ni gaskiya, saniyar ta fi shi.

Da muka yi aure ta sa wa kiɗan suna injin niƙa. "Malam, a kashe injin niƙan nan, an kusa kiran salla." Amma in tana daka na sa "Rijiya", sai in ji taɓaryar tana bin ganga. In na leƙo sai ta canza.

Aka haifi Luba, 'yarmu ta fari. Yaran yanzu ba lallai ku sani ba: a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kunya ce. Rahmatu kuwa ta riƙe abin fiye da kowa a dangi. "Ke." "'Yar nan." "Ku ce wa waccan ta zo." Ranar da aka kai Luba ɗakin miji ma, ɗaki ta shige ta ja ƙofa.

Wata rana, Luba tana goye, na tafi gona na bar "Rijiya" a cikin rediyo. Rahmatu tana son jin filin gaishe-gaishe, ba ta san kan abin ba, sai ta danna maɓallai biyu tare, har da jan nan na ɗaukar magana. Kaset ɗin kwafin kasuwa ne, ba a ɓalle masa 'yan kunnuwan da in an cire ba a iya goge shi ba, don haka ya hau ɗauka.

Da yamma na dawo na kishingiɗa a kan tabarma, na mayar da shi baya, na sa "Hadarin Gabas". Mika'ilu ya fara haɗa hadarinsa. Sai ƙwas! Tsit. Sai ƙarar turmi. Sai akuya. Sai muryar matata tana cewa, "Wai me ya sa abin nan ba ya magana?" Can jaririya ta fara kuka, dakan ya tsaya, na ji an kwance goyo. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ni kaina ban taɓa ji daga bakinta ba:

"Lubabatu, Luba tawa,
yi shiru, ga Inna nan,
Luba mai kumatun fura."

Ta yi ta kiran sunan nan tana maimaitawa kamar mai ramuwar azumi. Tana yi tana dariya, yarinyar tana gwaranci.

Da gudu ta fito daga madafi, ta rufe fuska da gefen zane.

"Malam, goge shi!"

"Kin goge min Mika'ilu. Ni ba zan goge ki ba."

"Wayyo Allah, na shiga uku. To rantse ba mai jin sa ina raye."

"Na rantse."

"Har ita."

"Har ita."

Na riƙe alkawari. Wannan ɓangaren ban ƙara sa shi a gaban kowa ba. In kewar "Hadarin Gabas" ta kama ni sai in yi ta da baki a gona, don kaset ɗin ya ɓace a kasuwa, 'Yan Cida ma sun watse.

Bara da damina Rahmatu ta rasu. Allah ya ji ƙanta, ku ma ku sa ta a addu'a. Bayan sadakar arba'in na ɗauko rediyo, na ce lokaci ya yi da Luba za ta ji. Na danna, ya yi ƙara, bai juya ba. Robar ciki ta tsinke. Duk mai gyaran da na kai wa sai ya yi dariya: "Baba, wa yake kaset yanzu? Kawo waya in zuba maka a memori." Ban faɗa wa Luba komai ba. Me zan ce? Innarki ta taɓa kiran sunanki? A bakina ai labari ne kawai. So nake ta ji da kunnenta. Na naɗe kaset ɗin uku a ɗankwalin Rahmatu, na sa a gwangwani, na tura ƙarƙashin gado.

Kun san yadda shekarun nan suke. Mijin Luba, Basiru, ya tafi kudu neman aiki, tun azumi wayarsa a kashe, sai ta dawo gabana da yara uku. Gonakin da muka gada an yanka su filaye, gidaje sun tsiro a inda nake shuka dawa. Abin da ya rage min ɗan tsiri ne a bayan gida. Taki bai samu ba, toka da kashin awaki muka zuba. Tukunya sau ɗaya take hawa murhu a rana. Duk da haka Allah ya dube mu, geron ya yi kyau, zangarniya ta fito, ya fara ido. Luba kullum da safe sai ta je ta tsaya tana kallon sa kamar mai jiran baƙo.

Sai jan-baki ya zo. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba ba zai gane ba. Tashi suke kamar hayaƙi, in suka sauka a gona suka tashi sai dai ka tarar da kara. Muka rataya leda, suka saba da ita. Muka ɗaura gwangwanaye, suka saba. Na yi mutum-mutumi da tsohuwar rigata, a kan hularsa suke hutawa. Ni gwiwa ta hana ni gudu, Luba kuma da safe take fita aikatau, yaran ƙanana ne.

Ana cikin haka na ji labarin wani tsohon mai gyara a Ungogo. Ranar Talatar na sa shuɗiyar rigata ta Juma'a, na rungumi rediyo na hau a-daidaita. Mutumin kurma-kurma ne, bai yi min dariya ba. Ya buɗe, ya hura, ya yanko siririyar roba daga tsohon tiyub ya ɗaura. Ya sa wani kaset na wa'azi, sai ga malam yana magana tangaran. Na kusa rungume shi. Na sayi batir, na taho ina tsara yadda za a yi: gobe da safe, bayan an sha koko, in ce Luba zauna nan, akwai saƙo.

To a wannan daren ne na tsaya a bakin zaure ina yi wa baƙon sauti murmushi.

Na shiga, gida kowa ya kwanta. Na durƙusa na jawo gwangwanin, sai na ji shi sakayau. Na kunna fitilar waya. Ɗankwalin yana nan, an ninke shi da kyau. A ƙarƙashinsa ƙoƙunan kaset uku, babu zare ko kaɗan. A fuskar wayar kuma ga saƙon Luba tun azahar, wanda ƙarar a-daidaita ta hana ni ji:

"Baba sannu da hanya. Na dau tsofaffin kaset dinka na gwangwani, ni da Baba Dabo mun daure zaren a gona. Wlh yau tsuntsu ko daya bai sauka ba. Kar ka yi fushi. In ka samu gishiri ka taho da shi."

Na zauna a ƙasa. A bayan katanga abin yana ta yi, yana tashi yana sauka.

Ana idar da sallar asuba na zagaya. Gari ya fara haske. Daga wannan kara zuwa wancan, daga turke zuwa turke, baƙin zare ne ya ratsa gonar ta ko'ina kamar saƙar gizo, yana rawa yana walƙiya. Gaskiya abin ya yi kyau. Ko a wannan hali sai da idona ya ce ya yi kyau.

Dabo maƙwabcina ne, gonarsa tana jikin tawa, tare muka yi kaciya. Ya taho yana taunar asawaki, Luba tana bayansa da tulu, ta ɗaura zanen Innarta mai ganye-ganye.

"Ka ga aiki?" in ji Dabo. "Yau dai 'Yan Cidanka sun yi abin kirki. Shekara da shekaru suna korar mutane daga zaurenka, ashe tsuntsu ma ba ya ƙaunar su."

"Dabo, wanne ne na Rijiya?"

"Rijiyar wa?"

"Kaset na biyu. Wanne ne zarensa?"

"Oho. Duk ba baƙin zare ba ne? Yankawa muka yi ta yi muna ƙullawa, na wannan da na wancan. Kai, ka gode min ma. Duk garin nan na zaga gida-gida, ba mai kaset ko ɗaya sai kai. Kowa ya koma memori."

Na kai hannu na shafa wanda yake kusa da ni. Raɓa ta jiƙa shi. Da na duba yatsana sai na ga wani ɗan gari-gari ruwan ƙasa ya manne. Wanda ya san kaset ya san mene ne wannan. Maganar ce take zuba. Rana ta kwana biyu, ruwa ɗaya, shi ke nan, sai leda. Geron kuwa da sauransa kafin a yanka, sai wata ya mutu.

Ban san hawaye ya zubo ba sai da Dabo ya cire asawaki daga baki.

"Haba Ja'afaru! Da furfurarka? A kan kiɗan 'yan otal?"

Luba ta ajiye tulu ta durƙusa. "Baba, ka yafe min. Na ga rediyon ya mutu, na ce ba amfanin da suke yi. In geron nan ya tafi ban san me zan ba yaran nan ba. Wallahi ba raini ba ne."

"Tashi," na ce. "Ba Mika'ilu nake yi wa kuka ba. Innarki ce a ciki."

Ta ɗago kai. Dabo ya ce, "Wace Innar?"

Na ba su labarin jan maɓalli, da turmi, da akuya. Luba tana kallo na kamar na zare.

"Inna ba ta waƙa, Baba."

"Ta yi. Ke ta yi wa."

"Me ta ce?"

"Sunanki."

Zaren yana ta kuka a kanmu.

"Sunana? Inna?"

"Lubabatu ta ce. Luba tawa."

"Da bakinta?"

"Da bakinta. Ta yi ta faɗa har kaset ya ƙare."

Ta dafa ƙasa da hannu biyu. Mace mai 'ya'ya uku, sai ga ta ta koma ƙaramar yarinya a gabana.

"Ko a asibiti," ta ce, "da na riƙe hannunta, ce min ta yi 'yar nan. Na ce ko yau ɗaya za ta faɗa. Ni na zaci..."

Ba ta ƙarasa ba. Sakinatu, ga soyayyar da kika tambaya. Ban san ko irin ta kike so ba.

Luba ta miƙe, ta goge fuska da gefen zanen Innarta, ta nufi turken da ya fi kusa. Ta sa farce a ƙullin farko.

"Baba, in an kwance za a iya haɗawa?"

"Za a iya. Da salatif da biro, a hankali. Rediyon ma an gyara, yana ɗaki."

"An gyara?"

"Jiya. Shi na je yi."

Ta rufe ido. Na ce, "Sai dai duka za a kwance, don ban san a wane yanki take ba. Kuma yau za a yi, kafin rana ta yi zafi."

"To a yi," ta ce. Ƙullin ya fara saki.

A lokacin ne tsuntsayen suka taso. Daga itatuwan gawo na bakin fadama, baƙi ƙirin, suna murɗawa suna miƙewa, ƙarar fukafukansu kamar ruwa yana tahowa. Suka nufo mu kai tsaye. Suna isowa kan gonar rana ta ɓullo, zaren ya ɗauki walƙiya gaba ɗaya, iska ta kaɗa ya yi kukan nan nasa. Suka dare biyu, suka kauce, suka zagaya, suka sake gwadawa, suka sake kaucewa. Sannan suka sauka a kan tsamiyar Dabo har rassanta suka sunkuya. Ba su tafi ba. Jira suke.

Daga cikin gida ƙaramin ɗan Luba ya farka, muka jiyo shi ta kan katanga: "Umma, koko!"

Hannun Luba yana kan ƙullin. Ba ta ja ba, ba ta saki ba. Ta dubi tsamiya, ta dubi geron, ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon garin da ya manne a yatsana.

Dabo, wanda tun muna yara bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito.

"To jama'a, ga su can fa. A kwance ne, ko a bari?"